Gani Odutokun (1946–1995): Mai Zanen Zariya da Hikimar Tsautsayi da Tsari

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta ratsa Ɗan Issa, wadda ta taso daga Katsina ta bi ta Jibiya ta nufi Maraɗi, idonsa ba zai rasa zane ba. Akwai na jikin manyan motocin da ke jiran a sallame su a kan iyaka, akwai na ƙoren masu fura da nono, akwai na hular dattijon da ke zaune a gindin bedi, ga kuma zayyanar allon yaron da ya yi saukar Alƙur'ani. Da yawa daga cikin waɗannan zane-zane ba su yi kama da mutum ko dabba ko itace ba. Layuka ne da da'irori da kusurwoyi da launuka. Duk da haka ba a taɓa jin wanda ya tsare mai ɗinkin hula ya tambaye shi hoton me ya ɗinka ba. Ido ya gani, rai ya yaba, ciniki ya faɗa.

Amma da za a ɗauki irin wannan zane a shimfiɗa shi a kan ƙyalle, a kewaye shi da katako, a rataye a bangon wani zauren jami'a, nan take tambaya za ta taso: mene ne wannan, kuma me yake nufi? Wasu ma su ce ai wannan shirmen Turawa ne. Wannan maƙala za ta bi rayuwar wani mutum da ya shafe shekaru fiye da ashirin a Zariya yana fama da wannan tambaya, da buroshi da gawayi a hannunsa. Sunansa Gani Odutokun, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda masana tarihin zane suke lissafawa cikin manyan masu zanen Najeriya na ƙarshen ƙarni na 20. Daga Ɗan Issa zuwa Samaru, inda ya yi aikinsa, tafiyar yini guda ce a mota, amma sunansa bai ƙetaro iyaka ba kamar yadda sunayen mawaƙa da marubuta suka ƙetaro.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Gani Odutokun ranar 9 ga watan Agusta na shekarar 1946 a garin Nsawam, arewa da Akara, a ƙasar da a lokacin ake kira Gwalkwas, wato Gana ta yau. Iyayensa Yarabawa ne mutanen Offa, garin da yanzu yake cikin jihar Kwara ta Najeriya. Mahaifinsa yana cikin masu cinikin koko, amfanin gonar da ya ja dubban baƙi zuwa wannan ƙasa, kamar yadda goro ya daɗe yana jan fataken Hausa zuwa Gwanja. Yaron da ya tashi a irin wannan gari yakan ji harshe ɗaya a gida, wani a kasuwa, wani a zango, wani kuma a makaranta. Yana ɗan shekara goma Gana ta sami ƴancin kai, a watan Maris na 1957.

Ɗalibin harshe zai so ya ɗan tsaya a kan sunansa. A wajen Yarabawa, Gani taƙaitawa ce ta Ganiyu, wato Abdulganiyu, wanda asalinsa Larabci ne, ma'anarsa bawan Mawadaci. Ba shi da wata dangantaka ta asali da kalmar gani ta Hausa. Sai ga shi mai wannan suna ya ƙare a ƙasar Hausa, sana'arsa kuma ba ta wuce gani da koya wa mutane gani ba. Irin wannan arashi, na abin da ba wanda ya shirya shi amma ya zo ya zauna daidai, shi ne ya zama ginshiƙin tunaninsa daga baya.

Bai shiga harkar zane da wuri ba. Bayan karatun sakandare ya yi aikin akawu a wani kamfani a Najeriya, yana zane a gefe. Abokan da suka ga hannunsa su ne suka matsa masa da ya nemi jami'a. A shekarar 1972, yana da shekara 26, ya sami shiga Sashen Fasahar Zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Ya kammala digirin farko a 1975, sashen ya riƙe shi a matsayin ƙaramin malami, ya kuma sami digiri na biyu a 1979. Daga nan bai sake barin Zariya da aiki ba har ƙarshen rayuwarsa.

Makarantar da ya tarar

Sashen da Gani ya shiga ya girmi jami'ar kanta. An fara koyar da zane ne a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, sannan aka maido da karatun Zariya a 1955, shekara bakwai kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. Mafi yawan malaman farko Turawan Ingila ne, tsarin karatun kuma an ɗauko shi daga makarantun zane na Landan: a koyi zana jikin mutum, a koyi nisa da kusa, a koyi haske da inuwa, duk bisa ƙa'idojin Turai.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke. Ba su ƙi dabarun da ake koya musu ba, sai dai sun dage a kan cewa kowa ya waiwayi gadon gidansu ya haɗa shi da abin da ya koya a aji. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma ta bar wa makarantar suna, har ake yi wa ƴaƴanta laƙabi da ƴan tawayen Zariya.

A shekarun da Gani yake ɗalibi, akwai a sashen wani Baturen Ingila mai suna David Heathcote, wanda shi ma mai zane ne, yana koyar da tarihin fasaha. Ya zauna a Zariya daga 1967 zuwa 1979, ya yi dogon bincike a kan ɗinkin riguna da huluna na Hausawa, ya kuma shirya baje kolin fasahohin Hausawa a Landan a 1976. Ke nan Gani ya tarar da makaranta mai ƙofa biyu: ɗaya tana kallon Turai, ɗaya tana kallon birnin Zazzau da ke gefenta.

Zanen da ba ya kwaikwayo

Kafin a fahimci abin da Gani ya yi, sai an san inda maganar ta taso. Shekaru ɗaruruwa gwanintar mai zane a Turai ita ce ya kwaikwayi abin da ido yake gani har a rasa bambanci. Da na'urar ɗaukar hoto ta bayyana a 1839, sai ta fara karɓe wannan aiki. Sannu a hankali masu zane suka shiga tambayar kansu ko launi da layi za su iya tsayawa da ƙafarsu, kamar yadda kiɗan molo yake ratsa zuciya ba tare da ya kwaikwayi kukan wata dabba ba. A farkon ƙarni na 20 mutane irin su Wassily Kandinsky ɗan Rasha da Piet Mondrian ɗan Holan suka bar zana abubuwa suka koma zana siffofi zalla. A 1915 Kazimir Malevich ya baje wani zane da ba kome a cikinsa sai baƙin murabba'i a kan farin fili.

A Ingila, babban wanda ya ɗauki wannan tuta shi ne Ben Nicholson, wanda ya rayu daga 1894 zuwa 1982. Tun daga 1934 ya riƙa sassaƙa da'irori da murabba'ai a jikin allon katako, ya shafe su da farin fenti, ya bar inuwa ta yi sauran aikin. A Amurka kuwa, wajen 1947, Jackson Pollock ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa ya riƙa ɗiga masa fenti yana zagaya shi. Hanyar Nicholson ta awo da lissafi ce, ta Pollock kuma ta sakin hannu.

Abin da ya zama sabon juyi a Turai tsohon zance ne a ƙasar Hausa. Addini bai ƙarfafa zana masu rai ba, saboda haka magina da maɗinka da dukawa da masu zayyana suka zuba hikimarsu a cikin siffofi. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, zai ga layuka da da'irori da aka fitar a jikin ginshiƙan ƙasa, inuwa tana bin gefensu. Haka gidajen unguwar Birni a Damagaram. Mai ɗinkin babbar riga yana da dagi da tambari da aska takwas, kuma kowa ya san aska takwas ɗin nan ba ta aski. Suna ne kawai aka laƙaba wa siffa domin a iya maganarta. Wannan batu ba baƙo ba ne ga ɗalibin harshe, wanda tun a ajin farko aka koya masa cewa kalmar doki ba ta yi kama da doki ba, amma tana aiki.

Tsautsayi da tsari

Gudummawar Gani da aka fi saninsa da ita tana cikin kalmomi biyu da ya haɗa da Turanci, waɗanda za a iya kawowa da Hausa a ce tsautsayi da tsari. Fassarar tana buƙatar ɗan bayani. Kalmar farko a Turanci ta ƙunshi duk abin da ya faru ba da shiri ba, mai daɗi ko marar daɗi. Hausa kuwa ta rarraba wannan fili: in abin ya zo da alheri a ce dace ko katari, in ya zo daidai da wani abu a ce arashi, in ya zo da cuta a ce tsautsayi, in na mota ne a ce hatsari. Gani yana nufin dukkansu. Ra'ayinsa shi ne cewa zane, kamar rayuwa, yana fitowa ne daga gamuwar abin da ya faɗo wa mutum da abin da mutum ya yi da shi.

Ya mai da wannan ra'ayi aikin hannu. Fentin mai, irin wanda masu zane suke amfani da shi, yana da kauri kamar man shanu, kuma a al'ada da buroshi ake ɗora shi kaɗan-kaɗan inda ake so. Gani sai ya riƙa tsinka shi har ya zama ruwa-ruwa, ya zuba a kan ƙyalle, ya bar shi ya gudana. Launi ya bi gangare, ya haɗu da wani launi, su cuɗe a wani wuri, su rabu a wani, su bar sawu irin wanda ruwan sama yake bari a jikin katangar ƙasa bayan damina. Har zuwa nan fenti ne yake da iko. Daga nan mai zane zai tsaya ya duba abin da ya samu, ya yanke shawarar abin da zai bari da abin da zai danne, inda zai ja layi da inda zai ɗauke hannu.

Wanda bai gwada ba zai ɗauka abin wasa ne. Wahalarsa tana wajen sanin lokacin tsayawa. In launuka suka yi yawan cuɗewa sai su koma ruwan taɓo, aikin ya mutu. In mai zane ya yi yawan gyara sai ya kashe rayuwar da gudun fentin ya kawo. Fentin mai kuma ba ya bushewa da wuri, yakan ɗauki kwanaki, saboda haka abin da aka bari da dare ba lalle a same shi haka da safe ba. Marinin Ƙofar Mata a Kano ya san irin wannan hali: shi ya ɗaure ƙyalle, shi ya tsoma a baba, amma ba ya ganin ainihin abin da ya fito sai ya kwance. Mai ginin tukwane ma haka, ita ta gina, wuta kuma ta ba tukunya tabon da ta ga dama. Gwani a cikinsu shi ne wanda ya san halin kayan aikinsa har yana iya barin musu rabonsu ba tare da aikin ya kuɓuce masa ba.

Ta wannan hanya Gani ya tsaya tsakanin hanyoyi biyun da aka ambata a baya. Ya karɓi sakin hannu, bai kuma yar da awo ba. Bahaushe da ya saba jin ana cewa kana naka Allah yana nasa, kuma duk da haka bai fasa shuka ba in ruwa ya sauka, ba zai sha wahalar gane wannan matsayi ba.

Sarki da janar-janar ɗinsa

Kuskure ne a ɗauka cewa Gani ya rufe kansa a ɗaki yana wasa da launi alhali ƙasa tana cikin wani hali. Mafi yawan shekarun aikinsa sun faɗo ne a zamanin mulkin soja. Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a 1985, ya shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta faɗi, albashin malaman jami'a ya zama ba ya kai ko'ina, kayan zane da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. An soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993, kafin shekarar ta ƙare kuma Janar Sani Abacha ya hau.

A cikin wannan yanayi Gani ya yi jerin zane-zane da gawayi a kan takarda, waɗanda tauraronsu wani sarki ne da ba a faɗi sunansa ba. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne wanda ya raɗa wa suna Sarki Yana Raha da Janar-janar Ɗinsa. Sunan kaɗai ya isa habaici. Dabara ce irin ta makaɗan fada, waɗanda suke yin zambo ba su ambaci kowa ba, amma duk wanda ke wurin ya san inda aka dosa, wanda aka yi dominsa kuma ba shi da abin kamawa. A nan ya nuna cewa bai bar zana mutane don gazawa ba. Hannun da ya saki fenti ya gudana shi ne ya riƙe gawayi ya fitar da fuskokin masu mulki.

Wani aikinsa da ake yawan ambata shi ne Hira da Mona Lisa, na shekarar 1991. Mona Lisa hoton wata mace ne da Leonardo da Vinci ya zana a farkon ƙarni na 16, yana rataye a gidan tarihi na Louvre a Paris, kuma ana ɗaukarsa a matsayin alamar fasahar Turai. A zanen Gani, wani mutum-mutumi irin na sassaƙar Afirka yana zana Mona Lisa, ita kuma tana sassaƙa shi. Kowannensu yana yin ɗan'uwansa. Tarihi yana bayan wannan magana, domin sananne ne cewa Pablo Picasso da abokansa sun ɗauki darasi daga sassaƙe-sassaƙen Afirka da suka gani a Paris wajen 1907, kuma daga wannan darasi aka bi hanyar da ta kai ga zanen da ba ya kwaikwayo. To in ɗan Afirka ya yi irin wannan zane a yau, wa ya ara daga wa? Zanen ya bar wa mai kallo amsar.

Malami da almajiransa

Ban da zanen ƙyalle da na takarda, Gani ya yi zane a jikin bangaye, ya kuma tsara bangon littattafai. Amma babban aikinsa na biyu shi ne koyarwa. Kusan shekara ashirin ɗalibai suna ratsawa ta hannunsa, wasunsu suka dawo suka zama abokan aikinsa a sashen.

Ya lura cewa masu zane a Najeriya suna aiki amma ba a rubuta kome a kansu, in ma an rubuta to baƙi ne suka rubuta. A 1989 shi da wasu malaman sashen, cikinsu har da Jerry Buhari da Jacob Jari da Tonie Okpe, suka kafa wata ƙungiya mai suna The Eye, wato Ido. A 1992 suka fara fitar da mujalla mai wannan suna, inda ake nazarin ayyukan masu zane, ana gardama a kansu. Fitar da mujalla a Zariya a wannan lokaci na tsadar takarda da yajin aikin jami'o'i ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Duk wanda ya taɓa haɗa ƴar mujallar ɗalibai ya san abin da ake nufi.

Rasuwarsa

A watan Fabrairu na 1995 Gani da wasu masu zane daga Zariya suka je Legas domin wani baje koli a Cibiyar Goethe, wato cibiyar al'adun Jamus. A kan hanyarsu ta komowa, ranar 15 ga watan, motarsu ta yi hatsari. Gani ya rasu tare da wasu daga cikin abokan tafiyarsa. Shekarunsa 48. Mutumin da ya yi shekaru yana nazarin rabon tsautsayi a cikin aikin ɗan'adam, ta hanyar tsautsayi ajalinsa ya zo.

A ƙarshen wannan shekara aka buɗe wani babban baje koli a zauren Whitechapel da ke Landan, mai suna Labarai Bakwai a kan Fasahar Zamani a Afirka. Chika Okeke ne ya tsara ɓangaren Najeriya, ayyukan Gani kuma suna cikin waɗanda aka rataye, shi kuwa bai ga ranar ba. A shekarar 2000 aka sake shirya wani baje kolin a zauren Brunei na Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, wannan karon domin shi da waɗanda suka bi sawunsa. Jacob Jari ne ya tsara shi, aka kuma sa masa sunan kalmomin nan biyu na Gani. Dabarar tsinka fenti a bar shi ya gudana ta ci gaba a hannun masu zanen Zariya, kowa da inda ya kai ta.

Kammalawa

Rayuwar Gani Odutokun ta ratsa ƙasashe biyu da harsuna da dama: asali daga Offa, haihuwa a Nsawam, aiki da suna a Zariya. Ya koyi ƙa'idojin da Turawan Ingila suka kawo, ya zauna a tsakiyar mutanen da suka daɗe suna ƙawata bango da riga da ƙwarya ba tare da kwaikwayon kome ba, ya fitar da hanyar da ta zama tasa. Bai sami tsawon rai ba, amma ya bar zane-zane, ya bar mujalla, ya bar almajirai.

Akwai aikin da ya rage wa masu nazarin Hausa a nan. Harshen yana da sunayen siffofi masu yawa a bakin maɗinka da magina da masu sassaƙar ƙwarya, kuma da yawansu suna tafiya tare da tsofaffin da suka san su. Ɗalibin da ya koma hutu Ɗan Issa ko Madarumfa ko Jirataua, ya zauna da mai ɗinkin hula ya rubuta sunan kowane zane da dalilin sunan, zai tara kalmomin da za a iya yin maganar aikin Gani da su da Hausa, ba sai an yi aro ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda suka rasu tare da shi.